Kaka ta zo: Mambila za mu hau ko duwatsun Shere?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Tun kafin damina muke cewa in ruwa ya ɗauke za mu fita hawan dutse mu kwana a waje. Ga shi gero ya shiga rumbu, dawa ta fara sunkuyar da kai, har yanzu zance ne kawai a baki. Mutum goma sha biyu suka ce min suna ciki. Shawarata ita ce Mambila: mu tashi daga Kano ranar Juma'a, mu dawo Lahadi da dare. Na daɗe ina ganin hotunan Gembu da gonar shayin Kakara, raina ya biya ƙwarai. Me kuka gani?

Ɗan Nguroje: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba wanda zai fi ni murna in kun zo garinmu, amma bari mu ƙirga hanya tukuna. Daga Kano ka bi Gombe, Kaltungo, Numan, ka shiga Jalingo, wuni ya tafi. Gobe da sassafe ka kama Bali, Serti, Mayo Selbe. Daga Mayo Selbe ne mota take fara hawan dutsen, kwana bayan kwana, kuma ba hanyar da ake bi da dare ba ce ga wanda bai san ta ba. Kafin ka wuce Maisamari da Nguroje ka sauka Gembu, wuni na biyu ya tafi. Ke nan ranar Asabar da yamma za ku iso, Lahadi da asuba ku juya, kuma ba za ku kai gida ba sai Litinin da dare. Ina hawan dutsen? Ina kwanan daji? Kujerar mota kawai za ku sha.

Ɗan Fagge: To ko Chappal Waddi kaɗai mu taɓa mu dawo?

Ɗan Nguroje: Shi ne ma ba ya taɓuwa a gurguje. Chappal Waddi shi ne wuri mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Sai ka nemi izinin hukumar gandun, ofishinsu yana Serti, a haɗa ka da ma'aikacin daji, sannan tafiyar ƙafa ce ta kwanaki. Kuma damina a wajenmu tana daɗewa fiye da taku. Lokacin da ku kuke cewa kaka ta yi, mu hanyoyin ƙauyukanmu ba su gama bushewa ba. Ku ware mako guda a Disamba ko Janairu, ni da kaina zan tarye ku a Serti.

Ɗan Agadas: Haka abin yake a wajenmu. Mutum ya ga hoton lambunan Timiya ko dutsen Bagzam sai ya ɗauka daga Agadas tsallake ɗaya ne. Duwatsun Azbin ma sai an ba su kwanaki. Ku nemi na kusa da ku.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, na kusa da ku shi ne Jos. Duwatsun Shere suna gabas da gari, kamar kilomita 10. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829. Masu hawa suna kiran wani ƙoƙon dutse a can Gog da Magog, wato Yajuju da Majuju. Ina malamin makaranta aka tura mu kwas a makarantar horon shugabanci da ke gindin duwatsun, wadda jama'a suka fi sani da Man O' War. Sunan ya samo asali ne daga wani bakin teku a Kamaru inda aka fara wannan horo a 1951. Sati biyu muka yi, kullum da asuba muna kan dutse. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda hazon safiya yake kwanciya a kwari, kai kana sama da shi, rana tana fitowa ta bayan manyan duwatsun da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu. In ƙarshen mako kuke da shi, can ya dace da ku.

Ɗan Fagge: Baba, na karɓa. Amma fa ni abin da ya fi ja na shi ne kwana a can sama. Mu kafa tanti a ƙololuwa, mu hura wuta, mu dafa shayi, mu yi Asuba a can.

Ɗan Gangare: A nan ne zan shigo. Ni a Jos aka haife ni, a nan nake kasuwanci. Hawa da rana ba matsala, kusan kowace Asabar akwai matasan gari da suke haɗuwa su hau, Musulmi da Kirista, maza da mata. Amma maganar baƙi goma sha biyu su hura wuta a kan dutse da dare ba tare da mutanen wurin sun sani ba, wannan ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Ɗan Fagge: Yaya, dutse ai na Allah ne. Ba gonar kowa za mu shiga ba.

Ɗan Fobur: Sannunku. Na daɗe a wannan zaure ina karatu ban cika magana ba, amma yau an zo ƙofar gidanmu. Ni Afizere ne, waɗanda kuka fi sani da Jarawa, kuma waɗannan duwatsu a cikinsu kakanninmu suka zauna. Ɗan'uwa Ɗan Fagge, gaskiya ne dutse na Allah ne, amma ka sa kanka a matsayin mutumin ƙauyen da ke gindinsa. A jihar nan an sha kai wa ƙauyuka hari cikin dare. Kowa ya tuna abin da ya faru a Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023. Mutumin da ya ji irin wannan, ya fito tsakar dare ya hango wuta da hasken tocila goma suna yawo a saman dutsen da ke kallon gidansa, me kake so ya ɗauka? Ba zai ce 'yan yawon buɗe ido ne daga Kano ba. Zai tashi matasa, ko ya kira jami'an tsaro, kuma kafin a tsaya a yi tambaya abu na iya lalacewa. Ba don ba ma son baƙi nake faɗa ba. Don ina so ku zo lafiya ku koma lafiya ne, ku kuma sake dawowa.

Maman Ilham: Gaskiya wannan magana ta shige ni. Ni tsoron da nake ji ta wani gefen ne. Tun harin da aka kai wa matafiyan nan a hanyar Rukuba ta Jos a watan Agustan 2021, in aka ce Jos gabana sai ya faɗi. Ban taɓa tunanin su ma mutanen ƙauyen tsoronmu za su ji ba.

Ɗan Gangare: Hajiya, tsoron ta kowane gefe yake, kuma kowa yana da gawar da yake tunawa. Mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010. Amma kuma a garin nan muke kwana muke tashi, muna saye da sayarwa da juna a Farin Gada da Taminus. Abin da muka koya shi ne mutum ya san inda zai bi, da lokacin da zai bi, da wanda zai bi da shi. Baƙon da ya shigo ta hannun ɗan gari daban yake da wanda aka wayi gari aka gan shi.

Ɗan Fagge: To in haka ne ai an kashe daɗin tafiyar. In a otal za mu kwana, me ya raba mu da wanda ya je ɗaurin aure?

Ɗan Fobur: Ba wanda ya ce otal. Ga yadda ake yi. A je wurin mai unguwa tun kwanaki kafin ranar, a gaishe shi, a faɗa masa ku su wane ne, ku nawa ne, daga ina, yaushe za ku zo, yaushe za ku tafi. Shi zai nuna inda za ku kafa tanti, galibi fili ne a gindin dutse kusa da gidaje. Zai haɗa ku da samari biyu ko uku da suka san hanya, ku biya su haƙƙinsu. Su ne za su gaya muku inda ba a taka wa, domin akwai wuraren al'ada a kan wasu duwatsun da baƙo ba ya shiga. A kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. In an yi haka, tantinku kuna ciki, wutarku kuna ji, taurari suna nan ba inda suka je. Ƙololuwar kuma ku hau ta da hantsi ku sauko kafin La'asar.

Baba Mai Ritaya: Wannan ita ce magana. Ko mu da gwamnati ta tura, malamanmu ba sa fita da mu kwanan daji sai an aika wa masu gari.

Ɗan Fagge: Har yanzu raina yana kan Asubar ƙololuwa, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan ja da mai gida a kan gidansa ba. Yaya Ɗan Fobur, in samarin sun yarda mu tashi da duku-duku tare da su, mu tarar da fitowar rana a wani tudu na kusa, zai yiwu?

Ɗan Fobur: Wannan mai sauƙi ne, tunda da 'yan gari za ku fita kuma an san da ku. Zan tambaya.

Malam Na Zariya: Wane mako ake magana? A tsayar da rana kafin a shiga sauran bayani.

Ɗan Gangare: Tsakiyar Oktoba ya yi wuri. Ruwan ƙarshe a nan yakan zo da iska da tsawa, kuma ba inda ya fi saman dutse haɗari in ana walƙiya. Dutsen ma in ya jiƙe santsi yake kamar an shafa masa sabulu. Disamba kuma sanyi ya kankama, dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, ga hazon hunturu ya rufe ko'ina, ka sha wahalar hawa ka rasa abin gani. Farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa shi ne daidai. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama garau, daga can sama har madatsar ruwan Lamingo da garin Jos za ka hango.

Malam Na Zariya: To a duba wanda ya fi kusa da sha huɗu ga wata. Farin wata zai rage mana dogaro da tocila, kuma ya fi kwanciyar hankali ga kowa.

Direban Tasha: Ni maganar hanya ce tawa. Daga Kano ta Kwanar Dangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, Jingir, a shiga Jos. Ku lissafa awa biyar zuwa shida, da tsayawar shingaye da ramuka. Wanda yake tunanin a sallaci Juma'a a Kano sannan a tashi, ya cire wannan. Ban bin Falgore da magariba, kuma ban shiga Jos da baƙi cikin dare. Kowa ya nemi hutun ranar Juma'a a wurin aikinsa, ƙarfe shida da rabi na safe mota ta tashi. Da yardar Allah a babban masallacin Jos za mu yi Juma'a. Ranar Lahadi kuma sha biyun rana ta yi mana a hanya. Shatar bas ɗaya ta fi a rarrabu a ƙananan motoci uku. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a aljihu. Kuma don Allah kada wani ya sako wando ko jaka mai kalar kakin soja, a shinge za ta jawo mana dogon bayani. Adda ma a bar ta, in ana bukata a ara a ƙauyen.

Na Abuja: Mu uku daga nan za mu taso, ta Keffi da Akwanga. Na ji ana maganar magangarar ruwan Assop, a kan hanyarmu take ko?

Ɗan Gangare: A kan hanyarku take, wajen Hawan Kibo. Ku tsaya ku gani, a wannan lokacin ruwan yana da ƙarfi. Sai dai a Hawan Kibo ku bar tazara tsakaninku da manyan motoci, musamman ranar komawa da za ku gangara. Za ku kuma wuce ta Riyom ku ga dutsen nan da ake yawan ɗauka a hoto. Ku gani daga bakin titi ku wuce, kada ku kutsa ƙauyukan wajen ba tare da ɗan gari ba.

Anti Nas: Tunda an tsayar da wuri, bari in faɗi nawa, kuma zan tsawaita. Na farko sanyi. Kano ba ta kai mita 500 ba, kuma kowane mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Jikin da ya saba da Kano zai ji bambancin tun daren farko. Sanyin da ke kayar da mutum a tanti daga ƙasa yake shigowa, don haka abin shimfiɗa ya fi abin rufa muhimmanci. Tamfol a ƙasa, tabarma a kai, sannan bargo ko 'yar siririyar katifa. Hular sanyi da safa biyu. Rigar da ka yi gumi a ciki da rana kada ka kwana da ita.

Na biyu, kuma wannan da babbar murya: kada kowa ya shigar da kurfoti ko garwashi cikin tanti don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Kowace shekara da hunturu muna karɓar irin waɗannan a asibiti, wani lokacin gida guda. Haka risho da ƙaramin gas, a waje ake girki.

Na uku igiyar ƙasa. Kaka lokacinsu ne, ciyawa ta yi tsawo, ɓeraye suna bin hatsi, su kuma suna bin ɓeraye. Kububuwa ta fi yawa a ƙasan tudu, wajen Langtang da Shendam da Kaltungo, amma duk inda dutse da ciyawa suka haɗu a yi hattara. Takalmi rufaffe, dogon wando, sanda a hannu. Kada ka zura hannu a ramin dutse da ba ka ga cikinsa ba. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama. Da dare in za ka zaga, tocila a ƙasa.

Direban Tasha: Anti, ni ina da baƙin dutsen nan na sarar maciji, zan zo da shi. A garinmu ɗaurewa ake yi da igiya a tsaga wurin a manna shi.

Anti Nas: Malam, don girman Allah kada ka yi wa kowa haka. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. Ɗaurin da ake yi tamau yana hana jini zuwa, na ga ƙafar da aka yanke saboda ɗaurin, ba saboda sarar ba. Dafin kububuwa kuwa hana jini daskarewa yake, in ka tsaga wurin ka buɗe ƙofar da ba za ka iya rufewa ba. Abin yi shi ne a kwantar wa mutum hankali, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a sa wa gaɓar katako kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka da ƙafarsa, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Wannan ma wani dalili ne na kwana a gindin dutse kusa da mota. Ku yi tunanin sauko da mutum daga ƙololuwa ƙarfe biyun dare.

Direban Tasha: Na ji, Anti. Haka muka taso muka gani, amma ke ce a bakin aikin. Zan bar shi a gida.

Anti Nas: Na gode da ka karɓa. Ni zan zo da akwatin magani: bandeji, filasta, maganin ciwon jiki, da garin gishiri da sukari na gudawa. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, mai hawan jini ko ciwon suga ya gaya min a keɓe tun yanzu. Ruwan sha kuma lita 3 kowane mutum ranar hawa. A sanyi ƙishirwa ba ta cika damun mutum ba, sai ciwon kai ya sanar da shi. Ruwan rafi sai an tafasa.

Ɗan Gangare: Tunda an zo maganar ruwa, akwai kududdufan kuza. Tun farkon ƙarnin da ya wuce Turawa suka yi ta haƙar kuza a ƙasar nan, suka tafi suka bar ramuka ruwa ya cika su. Za ku gan su kwance shuɗi shar, gwanin sha'awa. Ba su da gaɓa irin ta kogi, taku biyu ka zurma, ga laka a ƙasa, ga sanyin da ke ɗaure jijiya. Wani yaro a layinmu, wanda ya iya ruwa sosai, a irinsu ya tafi. Hoto daga nesa ya isa.

Maman Ilham: Allah ya jiƙansa. Ina da tambaya. Ni da maigidana muke son zuwa, ƙanwarsa ma tana so. Akwai wurinmu a tafiyar nan?

Sarkin Samari: Hajiya, ki yi haƙuri, ni dai a ganina wannan ba tafiyar mata ba ce. Hawan akwai wuya, ga kwanan waje, ga maganar makewayi. Za a riƙa jiran ku a hanya.

Ɗan Fobur: Ɗan'uwa, mahaifiyata ta haura sittin, kuma har yanzu tana hawa gonarta ta acca a kan tudu ta sauko da kaya a ka. Wuyar hawa ba ta tambayar mace ko namiji, sabo take tambaya.

Maman Ilham: Kuma ni duk safiya ina tafiyar awa guda a ƙafa, shekara biyu ke nan. Malam Sarkin Samari, in jira kake tsoro, mu haɗu a Dala ranar Asabar a gani.

Malam Na Zariya: Tana tare da mijinta, ƙanwar tana tare da yayanta, ta fuskar shari'a babu abin cewa. Abin da ya rage tsari ne. Tantin mata daban, a ɗan nesa da na maza amma inda ake jin kira. Maganar makewayi kuma a roƙi mai unguwa wani gida da za su riƙa shiga. Maza su haƙa rami nesa da rafi da gonaki, a rufe kafin a tafi.

Anti Nas: Ni ma ai ina cikin tafiyar, mun zama uku. Hajiya, dogon wando a ciki, riga zuwa gwiwa, hijabi madaidaici wanda ba zai kama ƙaya ko ya shiga ƙarƙashin ƙafa ba. Kambas ɗin da kika saba da shi, kada ki sayi sabo ranar tafiya.

Sarkin Samari: Shi ke nan, tunda an tsara haka na janye. Maganar Dala kuma na amsa, dama ya kamata dukkanmu mu motsa jiki. Asabar uku suka rage, mu hau Dala biyu, Goron Dutse ɗaya, kowa da jakar goyonsa da ruwa a ciki.

Malam Na Zariya: Mu na Zariya Kufena za mu hau. Game da salla, tafiyar ta wuce mil 48, kuma ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu ba, don haka ƙasaru za mu yi, Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu, sai in mun bi liman mazaunin gari. Alƙibla daga Jos gabas ce ta ɗan karkata arewa. A duba ta tun da rana a sa alama da dutse, saboda waya tana iya mutuwa ko sabis ya ɗauke. A ɗauki buta biyu. In ruwa ya yi ƙaranci a sama har ana tsoron ƙishirwa, na sha ne a gaba, a yi taimama. Ina kuma roƙon a bar mana safiyar Lahadi mu shiga gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Akwai gumakan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza ne suka fara tono su. A gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Ina so yaran Kano su ga yadda ake ɗaure bakan gizo da azara da ƙasa.

Baba Mai Ritaya: Wannan ya yi. Ni gwiwa ba za ta kai ni ƙololuwa ba yanzu, amma zan zo in zauna a sansani in tsare kaya in dafa muku shayi. Abu biyu zan ƙara. Mafi rauni a cikinku shi ne zai shiga gaba bayan ɗan jagora, mai ƙarfi ya tsaya a baya, kuma kada a rabu. Ku sa lokacin juyowa tun kafin ku tashi, in ƙarfe ɗaya ta yi ba ku kai ba, ku juyo. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma yawancin faɗuwa a nan take faruwa, lokacin da an gaji ana sauri. Sannan wuta. Ciyawar Nuwamba ta fara bushewa, amfanin gonar mutane yana tsaye ko yana tare a fili. A share wuri a kewaye da duwatsu, a kashe da ruwa har sai an taɓa tokar da hannu an ji ta yi sanyi.

Maman Ilham: Abinci ku bar mana. Na hawa: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, dambun nama, abin da ba ya lalacewa kuma ba ya da nauyi. Na dare a sayi dankalin Turawa da kabeji da karas a Farin Gada ranar Juma'a, ba sai mun ɗauko daga Kano abin da daga can ake kawo mana shi ba. Kowa ya zo da kofinsa da cokalinsa. Buhu biyu na shara, duk ledar da ta hau dutse da mu za ta sauko.

Ɗan Fagge: Yaya Ɗan Gangare, Yaya Ɗan Fobur, maganar mai unguwa a waya za ku yi?

Ɗan Gangare: A'a, zuwa da kai ya fi aike. Jibi in na rufe shago za mu je tare.

Ɗan Gangare: Jama'a, mun je mun dawo. Dattijon ya karɓe mu hannu bibbiyu. Ya ba da fili a bayan makarantar firamare, mota tana isa har wurin. Sharuɗɗansa: a kawo masa sunayen kowa da lambar mota kwana uku kafin zuwa, kada a kunna kiɗa ko a yi ta haska tocila sama bayan ƙarfe tara, kada a ɗauki hoton mutane sai an tambaye su, kuma safiyar Lahadi suna coci, a kwashe tanti ba hayaniya. Ya ba mu samari uku. Sun ce akwai tudun da ake kaiwa cikin minti arba'in, za su tashe mu bayan Asuba mu ga fitowar rana a can kafin babban hawan. Daga nan mun biya ofishin 'yan sanda mun sanar. Sun ce a sake kiransu ana gobe, in akwai wani motsi a yankin za su faɗa mana, mu kuma mu ɗage ba gardama.

Ɗan Fagge: Alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri. Na yarda da sharaɗin ɗagewa. Kowa ya turo min cikakken sunansa a keɓe kafin Laraba, kuɗin mota kuma Direba zai faɗa in ya gama magana da mai bas. Tanti huɗu muke da su, muna neman ƙarin ɗaya na mata. Ɗan Nguroje, maganar Janairu tana nan.

Ɗan Nguroje: Tana nan. Ku dawo lafiya tukuna mu zauna a kanta.

Na Abuja: Tanti na biyar yana wurina, mai cin mutum huɗu. Zan taho da shi.

Ɗan Fobur: Na gaya wa Mama za ku zo. Ta ce daren Asabar kada ku ɗora tukunya, ita za ta yi muku gwaten acca da ganye, naman kuma Ɗan Gangare ya sayo daga mahautan cikin gari don kowa ya ci hankali kwance. Tana tambaya mutum nawa ne takamaimai, har da direba, don ta san mudu nawa za ta surfa.

Ɗan Fagge: Goma sha shida ne da Baba da direba. Ka gaishe mana da Mama.